Ɗan Gidan Wa Ne? Tarihin Yaran da Suka Tashi a Hannun Baƙi, daga Kurmi zuwa Sharaɗa

A Amurka da Ingila an haura shekara hamsin ana ja-in-ja a kan tambaya guda: idan farar fata ya ɗauki ɗan baƙar fata ya raina, me yaron ya samu, me kuma ya kuɓuce masa? Mutumin Kano da ya ji wannan muhawara zai iya ɗauka zancen wasu ne can ƙetare. Alhali birnin nan ya daɗe da sanin ta. Ya karɓi 'ya'yan wasu ƙasashe ya haɗiye su ɗungurungum, ya kuma ga nasa sun tashi a gidajen da ba a jin Hausa, tun zamanin ayarin raƙuma har zuwa zamanin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Abin da aka gada

Riƙon ɗan wani ya girmi duk wata takarda da aka rubuta a ƙasar Hausa. Kunyar ɗan fari kaɗai ta isa ta raba yaro da ɗakin uwarsa: ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, da an yaye shi kuwa sai kaka ta ɗauke abinta. Gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba a kan ba ta ɗiyar ɗan'uwanta ta riƙe har ta kai ta ɗaki. Malami ya karɓi almajiri, attajiri ya karɓi ɗan amininsa ya koya masa fatauci. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta raini yara ta aurar, ba wanda ya ga baƙon abu a ciki. Sai dai duk wannan riƙo yana da ƙa'ida ɗaya da ba a tsallakewa, wato gari duka ya san ɗan wane ne. Ranar ɗaurin aure dangin uba ake nema, ranar rabon gado ma haka. Har a fuska ake rubuta asali: wanzami ya yi wa jariri zanen gidansu, Bagobiri da nasa, Bakabe da nasa, Babarbare da nasa. Dattawa na cewa yaƙi ne ya kawo zanen, don in an kama yaro ya girma a wata ƙasa danginsa su gane shi. Wannan faɗar baka ce, amma ta nuna abin da kakanninmu suka fi tsoro.

Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Wangarawa sun kawo Musulunci zamanin Sarki Yaji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1349 zuwa 1385. Addinin ya tarar da wannan ƙa'ida ya ɗaure mata gindi da labarin Zaidu ɗan Harisa. An sace Zaidu yana yaro aka sayar a kasuwar Ukaz, ya faɗo hannun Nana Khadija, ta ba Manzon Allah (SAW), ya 'yanta shi. Da mahaifinsa da baffansa suka zo Makka da kuɗin fansa, Zaidu ya zaɓi zama inda yake. Aka riƙa kiransa ɗan Muhammadu, har Suratul Ahzab ta sauka a Madina da umarnin a jingina kowane ɗa ga ubansa. Ya koma amsa sunan mahaifinsa, ƙaunar kuwa ba ta ragu da komai ba. Shi kansa Annabi, da mahaifiyarsa ta rasu a Abwa yana ɗan shekara shida, Baraka Ummu Aimana ce ta dawo da shi Makka ta ci gaba da kula da shi, ita kuwa baƙar mace ce 'yar asalin Habasha. Shari'a ba ta taɓa hana riƙo saboda launin fata ba. Shafe nasaba ta hana.

Daga 1438 zuwa 1903: waɗanda ƙa'idar ba ta kare ba

Da tarihin ya tsaya nan, da sai mu bugi ƙirji mu tashi. To amma ƙa'idar 'ya'yan masu 'yanci ta kare, ba ta kai ga ɗan da aka kamo a yaƙi ba. Ko labarin asalinmu ya raba 'ya'ya gida biyu. An ce Daurama ta ba Bayajidda kuyanga Bagwariya ta haifi Karɓagari, Daurama kuma ta haifi Bawo, daga Bawo aka sami Hausa bakwai, daga ɗan kuyanga aka sami banza bakwai. Masana tarihi ba su ɗauki wannan a matsayin abin da ya auku ba, sai dai ya nuna yadda aka auna darajar ɗa da matsayin uwarsa.

Kundin Kano ya ce zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, Galadima Dauda ya yi ta kai hari kudu yana aiko da bayi dubu-dubu, har aka kafa garuruwa 21 na bayi. Adadin na iya ɗauke da zuguguwar maroƙa, cinikin kuwa tabbas ne. Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta ga Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), tana da rumfunan bayi. Bayan jihadin 1804 abin ya ƙaru, gandaye da rinjoji suka cika da mutanen da aka kamo daga ƙasar Gwari, Ningi, Bauchi ta kudu da Adamawa. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga birnin duk shekara sun kai wajen 5,000, kuma waɗanda ake riƙewa a gida ba sa cikin lissafin.

Yaron da aka kamo, sunansa ake fara karɓewa. A raɗa masa Barka, ko Nasamu, ko Allah-bar-Sarki, a koya masa kalmar shahada da Hausa, cikin 'yan shekaru harshen uwarsa ya bi ruwa. 'Ya'yansa su zama cucanawa, a gidan sarki a yi musu zanen uku-uku a gefen baki. Wasunsu sun hau manyan kujeru, sun zama Ɗan Rimi da Shamaki da Sallama, sarakuna na shawara da su. An ci da su, an sha da su, an aurar da su. Amma je ka tambayi jikokinsu sunan ƙauyen da aka kamo kakan, kaɗan ne za su iya faɗa. Ina ganin duk Bakanon da zai yi maganar abin da Turawa suka yi wa 'ya'yan baƙar fata, ya kamata ya fara da amsa wannan, domin a nan mu ne baƙin da yaron ya tashi a hannunsu.

Daga 1839 zuwa 1912: Dorugu

Cikin dubban yaran nan, ɗaya ya bar mana labarinsa da bakinsa. An haifi Dorugu wajen 1839 a Dambanas, wani ƙauye a ƙasar Damagaram cikin Nijar ta yau. Bai wuce shekara goma sha biyu ba mahara suka kama shi, aka bi da shi hannu zuwa hannu har Kukawa, babban birnin Borno. A can wani Bajamushe mai yawon binciken ƙasa, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Overweg ya mutu a gaɓar tafkin Chadi a watan Satumba na 1852, yaran suka koma hannun abokin tafiyarsa Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Da shi suka bi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka shiga Tambutu a 1853, suka biyo ta Kano a 1854, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka sauka Landan a watan Satumba na 1855.

Niyyar Barth ita ce ya mayar da su gida. Sai wani limamin mishan ɗin CMS, James Frederick Schön, ya shiga tsakani. Schön ya bi ayarin jiragen ruwan da Ingila ta aika kogin Kwara a 1841, tun daga nan ya ƙwallafa rai a kan Hausa, ga shi kuma Allah ya kawo masa Bahaushe har gida. Ya riƙe yaran a gidansa a yankin Kent, abin da ya fusata Barth ƙwarai. A 1857 aka yi musu baftisma, ɗaya ya zama James Henry Dorugu, ɗaya Frederick Buxton Abbega. Abbega ya dawo a shekarar, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu ya zauna cikin iyalin Schön sai 1864.

A nan ne labarinsa ya sha bamban da na sauran. Galibi gidan da ya ɗauki baƙon yaro so yake yaron ya manta harshensa da wuri ya saje da 'yan gida. Shi kuwa Schön harshen yake nema. Ya zaunar da Dorugu yana ba shi tatsuniyoyi da karin magana da labarin ƙuruciyarsa da na tafiye-tafiyensa, har da yadda ya ga Turawa na zama a teburi suna cin abinci, shi kuma yana rubutawa da haruffan boko. Daga bakin yaron nan aka sami kaso mai tsoka na littafin nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da Magana Hausa na 1885. Schön ya karɓi lambar yabo ta Volney a Faransa a 1877, jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Dorugu ya dawo ya yi ta tafinta ga Turawa a bakin Kwara da arewacinta. Da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, dattijon na cikin waɗanda suka koyar a cikinta, a nan kuma ya rasu a 1912. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa da Turanci tare da sharhi.

Abu biyu suka tsare wa Dorugu Hausarsa. Na farko, ya isa Ingila yana saurayi, harshe ya riga ya zauna a bakinsa. Na biyu, mai riƙonsa yana tambayarsa kullum daga ina ya fito. Duk da haka ya dawo da sunan Turawa da addininsu, ya ƙare rayuwarsa a gefen birnin Musulmi, nesa da Dambanas. Idan wanda ya tsira da harshensa ya biya wannan farashi, sai a auna na jaririn da aka ɗauka bai iya cewa inna ba.

Daga 1903 zuwa 1925: gidajen 'yantattun bayi

Dokar Lugard, gwamnan Turawan mulkin mallaka a Arewa, ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ba bawa ba, Kano kuma ta faɗa hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairu 1903. Sojoji suka riƙa tare ayarin masu fataucin bayi suna ƙwace yara, da yawa ƙanana ne da ba su san sunan garinsu ba. Gwamnati ta buɗe musu gida a Zungeru, ta buɗe wani a Borno, wasu kuma ta rarraba su ga 'yan mishan da gidajen ma'aikata su yi aikatau. A 1909 aka kwashe na Zungeru aka miƙa wa mishan ɗin SUM, wanda ya gina gida a Rumasha a bakin Binuwai da sunan Lucy, marigayiya matar Karl Kumm, wanda ya kafa mishan ɗin. Gidan ya yi aiki har 1925. An ceci yaran daga igiya, wannan ba a musunsa. An koya musu karatu da ɗinki da kafinta. Sai dai neman danginsu bai zama babban aikin hukuma ba, sun fita da sunaye da addinin waɗanda suka raine su. A Kwango da Ruwanda da Burundi abin ya fi muni, domin hukumar Beljiyam raba 'ya'yan ruwa biyu ta riƙa yi da iyayensu mata baƙaƙe da ƙarfin tsiya, laifin da firaministan ƙasar ya nemi gafara a kansa a watan Afrilu na 2019.

Daga 1950 zuwa 1996: muhawarar ƙetare

Tun daga shekarun 1950 ɗaliban Najeriya da Gana da ke karatu a Ingila suka shiga ba Turawa talakawa riƙon jariransu suna biya duk mako, har talla ake sawa a mujallar Nursery World. Iyayen da tunanin gida suka yi haka, inda ba wa wani ɗanka ba abin kunya ba ne. Abin da ba su lissafa ba shi ne, a gida mai riƙon da yaron launinsu ɗaya, harshensu ɗaya, unguwa ma ta san su. Ɗan fim Adewale Akinnuoye-Agbaje, wanda aka miƙa wa wani iyali a Tilbury yana ɗan mako shida a 1967, ya nuna sakamakon a fim ɗinsa Farming na 2018: yaron da tsangwama ta sa ya tsani fatarsa har ya shiga gungun samari masu farautar baƙaƙe.

A Amurka yawan 'ya'yan baƙaƙe da fararen fata suka ɗauka ya haura 2,500 a 1971. A 1972 ƙungiyar baƙaƙen fata ma'aikatan jin daɗin jama'a ta fito ta yi tir da abin. Hujjarsu ba ƙiyayya ba ce. Cewa suka yi akwai ilimin da uwa baƙa ke ba ɗanta wanda farar uwa ba ta da shi komai ƙaunarta: yadda ake kula da gashinsa da fatarsa, abin da zai yi in ɗan sanda ya tsayar da shi, tarihin da zai jingina da shi ranar da aka zage shi. Masu ɗaya ra'ayin suka ce yara na tsufa a gidajen marayu ana jiran mai launinsu, kuma gida ko wane iri ya fi rashin gida. Majalisar ƙasar ta bi bayan waɗannan da dokar 1994 da gyaranta na 1996, aka hana jinkirta ba da yaro saboda launi. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, kuma yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta yi ƙoƙarin haɗa su. Sashe na 20 ya ambaci kafala ta Musulunci da sunanta, ya kuma ce a kula da ƙabilar yaro da addininsa da al'adarsa da harshensa wajen zaɓa masa gida.

Daga Bompai zuwa 2023

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Kwarori 'yan Lebanon suka biyo gyaɗa, daga ciniki suka koma kafa masana'antu. Bompai ce ta fara cika da injuna a shekarun 1950, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya da kuɗin mai a shekarun 1970, da masaƙu da kamfanonin roba da na alewa, da majemun da suka yi wa Challawa suna. Leburori suka kwararo daga ƙauyuka da Nijar da kudancin ƙasar nan. Dakata da Kawaji da Sauna da Yankaba suka tumbatsa a kewayen Bompai, Ja'en da Panshekara suka cika ta ɓangaren Sharaɗa da Challawa. An yi auratayya, an sami 'ya'yan ruwa biyu, wasu suka tashi a ɗakin kakanni Hausawa, wasu a gidan uba suna jin Larabci. Daga 1986, da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, sai rashin wuta da kwararowar kayan waje suka rufe masana'antu da yawa. Aikin ya tafi, mutanen suka zauna. Aka wayi gari da unguwannin gidajen haya inda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, mai unguwa kuma ba zai iya ƙirga yaran layinsa ba. Tsohon tsaron nan na kowa ya san ɗan wane ne ya yi rauni a daidai wuraren da yara suka fi yawa.

A watan Oktoba na 2019 rundunar 'yan sandan Kano ta bayyana yara tara da ta ƙwato daga Onitsha a jihar Anambra. Daga Sauna da Kwanar Jaba da Kawo da Hotoro da Yankaba da Dakata aka sace su, wasu tun 2014. An sayar da su, an sauya musu suna da addini, wasunsu sun dawo ba sa jin Hausa, uwa na magana ɗanta na kallonta. Gwamna Abdullahi Ganduje ya kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai shari'a Wada Umar Rano, iyaye suka yi ta zuwa da sunayen wasu yaran da ba a gani ba. A watan Yuli na 2021 babbar kotun jihar ta yanke wa jagoran masu satar, Paul Owne, ɗaurin shekara 104. Wannan sata ce, ba riƙo ba, kuma laifin na ɓarayin ne da masu saye, ba na wata ƙabila ba. Ba zan haɗa su da Ba'amurken da ya bi doka ya ɗauki maraya da zuciya ɗaya ba. Amma abin da aka cire wa yaran shi ne dai abin da aka cire wa ɗan Gwari a Kurmi, kuma shekara biyar ta isa a gama cire shi.

Akwai kuma wanda ba a sace ba, tsintar sa aka yi a bayan katangar kamfani ko bakin kwata aka kai gidan marayu na Nassarawa. Fikihun Malikiyya ya ce ɗan tsintuwa ɗa ne mai 'yanci, ciyar da shi na kan jama'a. Iyalai na zuwa su karɓi irin waɗannan yara ta hannun hukuma, aikin lada ne babba. Inda nake ganin muna kuskure shi ne ɓoyewa. A sa wa yaro sunan mai gida, a hana kowa faɗa, sai ranar da ya nemi aure ko aka zo rabon gado ya ji gaskiya daga bakin mai yi masa gori. Da an rubuta ranar da aka same shi da wurin da kayan da ke jikinsa, an adana, an kuma faɗa masa da lallami tun yana ƙarami, da ya tashi da abin da zai riƙe.

Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta fito a 2003, Kano ba ta sa hannu a tata dokar kare yara ba sai a watan Mayu na 2023. A watan Disamba na 2023 'yan sandan Kano suka sake kama wani gungun masu safarar yara, suka ƙwato bakwai, akasarinsu daga Bauchi aka sato su, kuma su ma an riga an sauya musu suna.